Baƙuwa mai sallama a tsakiyar ɗaki

Ranar da na fara aiki a asibitin nan na arewacin Ingila, cikin sanyin Nuwamban 2021, tun kafin a nuna mini ɗakin magunguna, kai tun kafin a nuna mini bayi, sistar da ke shugabantar wod ɗinmu ta ja wata durowa ta miƙo mini wani ɗan baƙin abu. Tsawonsa bai wuce gaɓar rake ba, nauyinsa kamar na ƙwan kaza. Maɓalli ɗaya ne babba a gabansa, da 'yan hujojin lasifika, da ɗan maƙali a baya. Ta maƙala mini shi a wuyan riga, ta auna tsakaninsa da haɓata da tafin hannunta, ta ce kada ya sauka ƙasa da nan, kada kuma hijabina ya rufe shi. Sannan ta ce, "Danna ki gaya mata sunanki."

Na tsaya ina kallonta. In gaya wa wa?

Na dai danna. Sai ga wata murya ta fito daga ƙirjina tana gaishe ni da Turanci, tana neman cikakken sunana. Na faɗa, ta ce ba ta gane ba. Na sake faɗa a hankali kamar mai lallashin ɗan yaye, ta kawo sunan wani namiji da ban taɓa ji ba, wai ko ni ce shi. Sau huɗu muna wannan ja-in-ja, sista na gefe tana danne dariya, ni kuwa gumi ya keto mini duk da sanyin da ake zabgawa a waje.

Su nan bajo suke ce masa. A gidanmu kuwa laya ce, tun ranar da na kira Hajiyarmu ta bidiyo lokacin hutun cin abinci, ta matso da fuskarta jikin waya ta ce, "Ke kuma yaushe kika fara rataya laya?" Sunan ya bi ta har yau.

Aikinta a taƙaice shi ne, ki danna ki faɗi sunan wanda kike nema, ta haɗa ku, ku yi magana hannuwanki suna kan aikinsu. Ba lamba, ba neman waya a aljihu, ba cire safar hannu. Wi-Fi ɗin asibiti take hawa, don haka da kin fita ƙofar ginin ta zama kurma. Kowace safiya ki ɗauki ɗaya daga durowa, ki zaro cikakken batir daga jerin caja ki sa mata, ki gaya mata ke wace ce. In kin tashi daga aiki ki sallame ta, wata ta ɗauka.

Wanda bai san inda na fito ba ba zai gane abin da ya sa na ɗauki wannan abu da girma ba. Shekara goma sha biyar na yi ina jinya a gida kafin in fito. A asibitin da na fara aiki, in majinyaci ya rikice da tsakar dare, littafin kira ake ɗaukowa. Ki rubuta lambar gado, da abin da ya faru, da ƙarfe nawa ne, ki ba masinja. Masinja ya je ya tashi direba, su kama hanyar kwatas, su buga wa likita ƙofa, ya sa hannu a littafin alamar saƙo ya iso shi, sannan ya nemi takalminsa. Ke kuwa kina can bakin gado kina kallon agogo, dangin majinyaci suna kallonki. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya tun Agustan 2001, kuma lokacin da na kama aiki kusan kowannenmu na da ita, amma katin daga aljihunki yake fita. Ƙarshen wata in abubuwa sun yi tsauri, filashin muke yi wa likita, mu yi ta addu'a Allah Ya sa shi yana da kati. Littafin kuma bai mutu ba, don shi ne shaidarki gobe in aka tambaya yaushe kika kira.

Da na zo nan na ɗauka an wuce duk wannan. Ashe su ma suna da nasu littafin kiran, sai dai nasu na lantarki ne: feja, 'yar na'urar karɓar saƙo da likita ke maƙalawa a ƙugu, wadda suke kira bilif saboda irin kukanta. Ki nemi wayar tebur, ki danna lambar fejar likita, ki sa lambar wayar da kike tsaye a kai, ki ajiye, ki jira. Shi kuma can inda yake ya ji kuka a ƙugunsa, ya nemi wata wayar tebur, ya kira, ya tarar wani ya riga ya hau layin. Ko kuma ya samu shiga, ke kin riga kin koma wurin majinyaci. A Fabrairun 2019 ministan lafiya na wancan lokaci, Matt Hancock, ya ce a daina amfani da feja a asibitocin NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, don saƙonnin da ba na gaggawa ba kafin ƙarshen 2021. Alƙaluman da aka bayar a lokacin sun ce feja kusan 130,000 ke hannun NHS, wato kusan kashi 10 cikin 100 na duk waɗanda suka rage a duniya, ana kashe musu fam miliyan 6.6 duk shekara. Wa'adin ya zo ya wuce. Har gobe in zuciyar majinyaci ta tsaya, 2222 muke bugawa a wayar tebur, fejojin tawagar ceto su ɗauki kuka a lokaci guda. Tsohuwar tana da abin da ya hana a jefar da ita, kuma zan zo kansa.

Kamfanin da ya fi suna da irin wannan laya shi ne Vocera, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2000, ya fito da ita kasuwa a 2002, lokacin da Wi-Fi kansa yake rarrafe. A farkon 2022 kamfanin Stryker, masu ƙera gadajen asibiti da kayan tiyata, suka saye shi a kan kuɗi kusan dala biliyan 3. Da na ji labarin na yi mamakin abin da ya haɗa mai gado da mai murya, sai da na ga gadon da ke aika wa nas saƙo kai tsaye in majinyaci ya yunƙura zai sauka, sannan na gane cinikin. Akwai wasu kamfanonin da ke yin makamantanta, har da na ma'aikatan manyan kantuna da otal-otal. Tamu dai ba zan kama sunan mai ita ba, kamar yadda ba zan kama sunan asibitin ba, abincina a can yake.

To, mu koma kan rigimata da ita.

Kafin hukumar NMC, mai yi wa nas-nas rajista a ƙasar nan, ta karɓe ni, sai da na ci jarrabawar Turanci ta IELTS da maki 7. Na yi karatun dare, na biya kuɗi masu ciwo, Bature ya zaunar da ni ya saurari bakina ya ce na iya. Sai ga ɗan abu kamar gaɓar rake ya kayar da ni a ranar farko. Laifin kuwa kowane Bahaushe ya san shi: p da f. In na ce a kira mini porter, mai tura gado, sai ta ji wata kalma dabam. In na ce pharmacy, harshena ya taka p inda ya kamata ya hura f. Ga sunana kuma irin na su Asma'u da Sa'adatu ne, mai hamza a tsakiya, ita kuwa ba a koya mata akwai sunan da ake yi wa burki a tsakiyarsa ba. Abokan aiki in suna nemana, sai sun murɗe sunan ya koma yadda na'ura ke zato, sannan kiran ya iso ni. Na yi makonni ina amsa sunan da ko Hajiyarmu ba za ta gane ba.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne gano cewa ba ni kaɗai ba ce. 'Yan Filifin cutarmu ɗaya, su ma p da f ɗin nan ke ba su wuya. 'Yan Kerala na Indiya suna da tasu. Har 'yan garin ma, waɗanda aka haifa a bayan asibitin, in suka saki harshensu na arewa suna haɗiye rabin kalma, sai ta ce musu ba ta gane ba. Wata rana na ji wani dattijo mai tura gado, ɗan asalin garin tun kaka da kakanni, yana zazzaga mata masifa a baranda yana cewa da yaren uwarsa yake magana. Na yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya wata 'yar Filifin ta nuna mini dabarar: ana iya zaunar da ita a koya mata. Ki shiga ɗakin da ba hayaniya, ki zaɓi sunan da ke ba ku matsala, ki maimaita mata shi da naki bakin har ta riƙe. Masu kula da ita kuma suna iya ƙara wa mutum suna na biyu a rajista, yadda mutane ke faɗarsa a zahiri. Na kwashe hutun cin abinci uku ina yi wa laya darasi a ɗakin ajiye zannuwa. Yanzu muna jituwa, sai in mura ta kama ni.

Akwai kuma wadda ba a rubuta ta a takardar koyarwa ba. Shekara goma sha bakwai ke nan da aurena, ban taɓa kama sunan maigidana ba, ko a bayan idonsa. Abban yara nake cewa, haka na tashi na ga ana yi. Sai aka kawo mana wani matashin likita ɗan Sudan, sunansa sak na Abban yara. Ga shi kuma laya ba ta san kunya ba, ba ta san "likitan nan dogo" ba, sai kin faɗi suna ƙarara da ƙarfi. Ranar farko na tsaya tsakiyar wod na danna, na buɗe baki, sunan ya maƙale. Ta ce ba ta ji komai ba. Na tafi da ƙafata na nemo shi. Abin da ya cece ni shi ne ana iya kira da muƙami maimakon suna: ki ce likitan da ke bakin aiki a wod kaza, ita za ta duba wanda ya karɓi wannan kujera yau ta kai ki gare shi. Wata huɗu ya yi da mu, bai taɓa sanin dalilin da ya sa ni kaɗai ce ba na kiran sunansa ba. Da na ba Abban yara labari, cewa ya yi, "Ai da kin faɗa kawai, ni ba na wurin." Na ce masa shi ba zai gane ba.

Ranar da na yafe mata duk wannan, aikin dare nake. Wajen ƙarfe uku na ji motsi a ɗaki na huɗu. Wani tsoho ne da aka yi wa aikin ƙugu kwana biyu da suka wuce, ya lallaɓa ya tashi shi kaɗai zuwa bayi, don ba ya son damun kowa. Na iske shi ƙafafunsa sun fara saki, yana zamewa jikin bango. Na rungume shi ta baya, hannuwana biyu a ƙarƙashin hammatarsa, gwiwata na tokare da cinyarsa. Ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba. Igiyar neman agaji tana can ɗaya ɓangaren, in na miƙa hannu zai faɗi a kan ƙugun da aka ɗinke. Ƙofa a rufe, ƙofofin nan kuwa masu kauri ne saboda gobara, ko na yi ihu ba mai ji. Na sunkuyar da kai na danna maɓallin da haɓata, na ce a sanar da duk 'yan wod, bayin ɗaki na huɗu, a zo yanzu. Ban gama jan numfashi na uku ba na ji gudu a baranda. Mu uku muka zaunar da shi a kujera. Yana ta ba mu haƙuri, wai ya ɓata mana dare.

Da na zauna rubuta rahoto hannuna na rawa, sai na tuna da wod ɗinmu na gida. A can da wuya tsoho ya kai bayi shi kaɗai. Ɗansa na kwance a tabarma ƙarƙashin gadon, matarsa na gyangyaɗi a kujera, mai jinyar gadon kusa ma idonsa biyu. Kafin ya sauke ƙafa ɗaya mutum uku sun miƙe. In nas na bukatar hannu, "Don Allah ku taimaka" kawai za ta ce. Mun sha yin ƙorafin cinkoson masu jinya, mun sha korarsu waje lokacin zagayen likita, amma su ne layarmu. Nan kuwa ƙarfe takwas na dare baƙi sun watse, kowane majinyaci shi kaɗai, nas ɗaya da ɗakuna barjat. Gurbin waɗancan mutane na'urar ke ƙoƙarin cikewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ita kuma ba ta da hannu ko ɗaya, sai dai ta kira masu shi da sauri.

Inda muke saɓawa da ita har yanzu shi ne wajen ladabi.

A gidanmu na Zariya, baƙo daga zaure yake sallama. Ya tsaya, a amsa, a tambayi wane ne, mata su gyara lulluɓi, sannan a ce ya shigo. Laya ma tana neman izini, in an kira ki za ta ce wane na son magana da ke, za ki karɓa? Amma a ina take tambayar? A kan ƙirjinki, da ƙarfi, a tsakiyar duk abin da kike yi. Ta riga ta shigo har tsakar ɗaki kafin ta yi sallamar. Sanarwar da aka yi wa kowa da kowa kuwa, ko wannan tambayar babu, murya ce kawai za ta faɗo. Wanda ya kira kuma ba ya ganin inda kike. Shi a ransa waya yake yi, bai san lasifika ce a buɗe gaban mutane ba.

Na koyi wannan da tsada, kuma laifin nawa ne. Ina wanke wa wata mata ciwo a ɗaki mai gado shida, labule kawai ya raba ta da maƙwabciyarta. Laya ta ce likita wane na nemana. Hankalina na kan ciwon, na ce e. Sai kawai ya fara: sakamakon naman da aka yanka na matar gado kaza ya fito, kuma ba shi da... Matar da yake nufi tana bayan labulen nan, 'yarta na zaune kusa da ita suna shan shayi. Ban san lokacin da na kai wa maɓallin duka da safar hannu mai jini ba. Ɗakin ya yi tsit. Allah Ya rufa asiri bai kai ga kalmar ba, amma uwa da 'ya ba yara ba ne, sun ji lambar gadonsu, sun ji an katse magana. Rabin awa bayan haka likitan ya zo ya zauna da su yadda ya kamata tun farko, a ɗaki mai ƙofa. Ni kuma na cire rigar leda, na goge laya da abin kashe ƙwayoyin cuta, na je na rubuta rahoton kaina da kaina.

Sirrin majinyaci a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Sakamakon rahoton da kwamitin Fiona Caldicott ya fitar a 1997, kowace cibiyar NHS tana da babban jami'i da aka ɗora wa alhakin tsare bayanan marasa lafiya, ga kuma dokar kare bayanai ta 2018. Ba a hukunta ni ba. An zauna an tattauna a taron wod, aka fito da ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya kira, kafin komai ya tambaya, kina inda za ki iya magana? Wanda aka kira kuma, kalmarsa ta farko ita ce, ina tare da majinyaci. Ba a kama suna, ba a faɗin sakamako, sai an koma wayar tebur ko an haɗu ido da ido. Sista ta buga shi a takarda ta manna a bango da babban take. Na karanta na ce a raina, wannan ai sallama ce suka gano.

Sai maganar hutu. Akwai ɗan maɓalli a samanta da ke cewa kada a dame ni, amma kiran gaggawa yana tsallake shi, kuma kowa gani yake nasa kiran gaggawa ne. A watan Disamba rana na faɗuwa a nan tun kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su taru a cikin 'yan sa'o'i, a tsakiyar aiki. Nakan saci minti biyar in shiga ɗakin ajiye zannuwan nan da ɗan dardumana. Wata rana ina sujada, goshina a ƙasa, sai murya ta fito daga ƙarƙashina tana tambayar duk wod wa ke riƙe da makullin kabad ɗin magunguna. Makullin kuwa yana aljihuna. Duk nas ɗin da ta yi aiki a Ingila ta san wannan tambaya, ita ce aka fi yi a kowace rana. Yanzu kafin in kabbara nakan miƙa makulli, in gaya wa abokiyar aikina ta riƙe mini majinyatana, in cire laya in ajiye ta kan shiryayye. A ra'ayina nan ne masu tsara aiki ba su yi dogon tunani ba. Da can in kina son ki tambayi abu sai kin taka, takawar nan kuma takan sa ki auna ko tambayar ta kai. Yanzu tambaya ta yi arha, kowa na jefowa. Na taɓa ƙirga kira goma sha ɗaya a lokacin rabon magani guda, lokacin da kuskure ɗaya kan iya kai mutum kabari.

Na ce zan dawo kan abin da ya hana feja mutuwa. Akwai wata matattakala a bayan wod ɗinmu, ita ce gajeriyar hanya zuwa ɗakin gwajin jini. Duk wanda ya bi ta yana magana, a hawa na biyu muryar za ta fara tsinkewa kamar rediyo mai raunin batir, sannan ta ɗauke. Haka cikin lif, haka kusa da ɗakin hoton ƙashi. Mun yi ta kai ƙara har aka turo wani ma'aikacin sashen kwamfuta, ya zo da kwamfutar hannu yana zagaye a hankali kamar mai neman allura. Ni kuwa ba na ganin abu in yi shiru, na bi shi da tambaya, shi ma ya samu mai saurare.

Ya nuna mini fararen akwatunan nan da ke manne a silin, waɗanda na ɗauka na gano hayaƙi ne. Su ne ke ba da Wi-Fi, kowanne da iyakar inda yake kaiwa. Laya ba ta da ƙwaƙwalwar gane magana a cikinta, in ji shi. Yayyanka muryarki take yi ƙanana-ƙanana ta miƙa wa akwatin da ya fi kusa, shi ya tura wa babbar kwamfuta, can ne ake gane abin da kika ce a nemo wanda kike so. In kina tafiya, dole ta saki wannan akwati ta kama na gaba ba tare da maganar ta yanke ba, kamar yaro mai tsallaka rafi a kan duwatsu. In tazarar dutse biyu ta yi yawa, sai a ruwa. Saƙon imel in ya makara da daƙiƙa biyu ba wanda zai sani. Murya kuwa, ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ITU ita ce jinkirinta daga baki zuwa kunne kada ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa ɗaya, in ya zarce sosai sai mutane su fara taka maganar juna. Shi ya sa Wi-Fi ɗin da ya ishi kwamfutar ofis ba lalle ya ishi laya ba. An shimfiɗa namu ne tun farko don mutanen da ke zaune a tebur, ba wanda ya yi tunanin matattakala.

Sauran kuma aikin gini ne. Matattakalar kankare ce zalla da rodi. Lif akwatin ƙarfe ne. Bangon ɗakin hoto da darma aka lulluɓe shi don tare hasken da ake ɗaukar hoton da shi, ya tare sabis ma. Jikin mutum kansa, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye sabis ɗin, to ga laya a ƙirji, in akwatin na bayanki ke da kanki kin zama katanga. Har na'urar ɗumama abinci ta ɗakin hutunmu ya zarga, don ita da tsohon zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 kusan layi ɗaya suke, shi ya sa aka fi son a mai da layu kan zangon gigahaz 5, wanda ba shi da cunkoso amma bai kai wancan ratsa bango ba. Feja kuwa igiyar rediyonta ta fi tsawo, mai aikowa ya fi ƙarfi, saƙon kuma 'yan lambobi ne kawai, don haka tana samunka har ƙarƙashin ƙasa.

Ƙanina da ke sayar da kayan waya a Kano, da na ba shi wannan labari, nan take idonsa ya buɗe. "Yaya, me zai hana mu shigo da ita? Asibitocin kuɗi za su saya." Na ce masa layar ita ce ƙaramin abu a cikin lissafin. Sai ka jera akwatuna a kowane lungu har bayi, ka ja musu waya, ka ajiye babbar kwamfuta, ka biya lasisi, ka ɗauki mai kula da su dare da rana, sannan wuta kada ta ɗauke ko na minti ɗaya, don tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta duk layun asibitin sun zama kurame. Ƙawayena da ke can yanzu da layin waya na rukuni suke aiki, wanda ma'aikata ke kiran juna ba tare da cin kati ba, da kuma zauren WhatsApp. Masu gadi na da oba-obarsu. Da za a ba ni zaɓi in kai musu abu ɗaya, ƙarin nas zan kai a aikin dare. Ya ce ni dai ba ni da idon kasuwa.

Wata biyar bayan zagayen mutumin kwamfuta, na zo aiki na ga sabon farin akwati a saman hawa na biyu, ga burbushin siminti a ƙasa ba a share ba. Cikin dare da na ɗauki jini zan kai gwaji, na tsaya daidai wurin da take mutuwa, na danna, na kira 'yar Filifin ɗin nan da ta koya mini dabara. Muryarta ta fito tas.

Ta ce, "Kina inda za ki iya magana?"

Na ce mata ni kaɗai ce a matattakala, gwaji kawai nake yi. Ta ce to in na dawo in biyo da ledar ƙarin ruwa guda biyu, na gado na tara ya kusa ƙarewa.